Wa muke yi wa fosta: oga mai sa hannu, ko mai jiran mota a tasha?

Mai Zanen Garki:
Assalamu alaikum jama'a. Shugaban zaure a yi mini afuwa, rubutun zai yi tsawo, amma abin ya tsaya mini a rai tun ranar Talata.

Wani ɗan kwangila da muke hulɗa da shi jefi-jefi ya kawo mini aikin fosta ta gangamin rigakafin yara. Ba zan faɗi ofishin ba, don Allah kada a tambaye ni. An ce ana so da Turanci da Hausa, za a liƙa a ƙananan asibitoci da tashoshin mota a Kuje da Kwali da Abaji da Gwagwalada. Na zauna na yi abin da nake ganin shi ne daidai: uwa rungume da jaririnta ta cinye rabin takarda, a sama kalma uku manya-manya, "Mu kare yaranmu", a ƙasa rana da wuri, da cewa kyauta ne. Ko kana cikin keke a guje za ka karanta.

Sau bakwai aikin nan yana dawowa. Na farko, ina hoton oga? Na sa. Na biyu, ai akwai ogan oga, kuma nasa ya fi girma, ya zauna a dama. Na uku, tamburan abokan hulɗa guda tara. Sai taken gangamin da Turanci, layi biyu da rabi. Kafin a gama, uwa da jariri sun koma kamar kwalin ashana a lungu, ranar rigakafin kuwa sai ka sa tabarau. Duk wannan na haɗiye, ba yau farau ba.

Na bakwai ne ya ƙona mini rai. Wani a ofishin ya duba Hausar, ya ce ai Hausa ta gaskiya da ƙugiya ake rubuta ta, wato haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ, ya turo gyara ta WhatsApp: "Mu ƙare yaranmu." Ni kuma ƙarfe ɗayan dare, ido ya yi nauyi, na kwafa na liƙa yadda aka turo. Da safe aka ce an amince, muka hau inji. Mun buga dubu biyu. Yaron da ke yanka mana takarda, ɗan Malumfashi, shi ya ɗaga guda ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Oga, gwamnati ce za ta ƙarar da yara?" Wallahi sai da na nemi kujera.

Yanzu ɗan kwangila ya ce asarar tawa ce tunda ni ne Bahaushe. To kuɗin takarda da sauƙi. Abin da nake tambaya: wa muke yi wa wannan aikin ne?

Ɗan Terminus:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yafe mini, sai da na yi dariya har mai shayin ƙofar shagona ya leƙo. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ka ƙara masa kuɗin abinci.

Amsar tambayarka kuwa ai ka san ta. Oga muke yi wa. Shekarata goma sha shida ina buga takarda a Jos, ban taɓa ganin mai jiran mota ya sa hannu a takardar biya ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sista ta Kwali:
Ni kam ban yi dariya ba, gabana ne ya faɗi. Ku da ke zaune gaban kwamfuta ba ku san abin da muke gamuwa da shi a ƙofar gida ba. Har yau akwai magidancin da zai tare ni a zaure ya ce allurar nan ta hana haihuwa ce. Maganar tana da tushe da mutane ba su manta ba: gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau a 1996, sannan 2003 da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan-inna. Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, shi ma bayan an kawo maganin daga Indonesiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Sai a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ƙwayar cutar ta asali a Afirka. Ku lissafa shekarun da aka kwashe ana lallashi gida-gida.

To a ce an wayi gari ga takarda da tambarin gwamnati a bangon asibitinmu tana cewa mu ƙare yaranmu. Mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hotonta. Kafin azahar ta kai Zamfara, an ɗora mata murya ana cewa "ga shi sun faɗa da bakinsu". Mai Zane, don girman Allah ka ƙona su da hannunka. Kada ka bari ko guda ta je hannun mai ƙosai.

Mai Zanen Garki:
Sista, suna kulle a shago, mabuɗin na aljihuna. Ɗan kwangilar ma ya ce a yi 'yar sitika a rufe harafin kawai.

Sista ta Kwali:
Sitika? Yaran unguwarmu da ke ɓantare fenti da farce? A'a.

Na Sakatariya:
Bari in yi magana a madadin waɗanda ake ta jifa, tunda ni ma'aikaci ne, kuma irin fayil ɗin nan yana bi ta teburina. Kuskuren harafin ba shi da kariya, wannan na yarda. Amma batun hoton oga, ku fahimci yadda abin yake daga ciki.

Kasafin kuɗi na shekara ne, amma sakin kuɗin ba ya zuwa a kan lokaci. Sai a wayi gari an saki wani kaso, ga ranar ƙaddamarwa an riga an sa saura kwana goma, an gayyaci manya. A kwana goman nan wa ke da lokacin kai fosta ƙauye ya gwada? Abin da darakta ke tunani shi ne ranar taro: me babban baƙo zai gani idan ya shigo zauren? In bai ga hotonsa ba, wani ne zai amsa tambaya ranar Litinin. Abokan hulɗa kuma, wanda ya ba da kuɗi yana da sharaɗi a rubuce cewa tambarinsa ya fito, har da girmansa. Sannan mai binciken kuɗi in ya zo, ba zai tambaye ka yara nawa aka yi wa allura saboda fostarka ba. Zai ce nuna mini takardar bayar da aiki, da shaidar an kawo kaya sito, da hotunan taro. Abin da ake tambayarmu shi muke tanada.

Ɗan Terminus:
Yallaɓai ka ga ka maimaita maganata, sai dai kai da babbar riga ka faɗe ta.

Mai Zanen Garki:
Na Sakatariya na gode da ka fito fili. To amma me ya sa aikin ba ya zuwa mana kai tsaye? Da ni ke zaune da daraktan, da na nuna masa nawa samfurin da na ofis a waya ya zaɓa. Ni ban taɓa ganin fuskar mutumin da ke gyara mini aiki ba.

Na Sakatariya:
Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ce. Kafin ka nemi kwangila sai kana da rajistar kamfani a CAC, da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, da na hukumar fansho PenCom da asusun horar da ma'aikata ITF da na inshorar ma'aikata NSITF, kuma kana cikin rajistar BPP, hukumar da ke kula da sayen kayan gwamnati. Kai mai kwamfuta ɗaya da janareta, yaushe za ka tara waɗannan? Sai mai takardu ya karɓa, wanda wataƙila jiya kujeru ya kawo mana, gobe kuma taki. Ya cire harajin VAT na kaso 7.5 da sauran abin da ake cirewa, ya cire nasa, ya ba wani, wanin ya kawo maka. Saƙon darakta ya bi ta baki uku kafin ya iso ka, naka ma haka in zai koma.

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa, don haka a yi haƙuri da tsawo.

Ina ɗan shekara goma aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon. Aka ce duk direban Najeriya, mai karatu da marar karatu, daga wannan rana ya koma dama. Ku yi tunanin girman wannan saƙon. Kuskure ɗaya rai ne. Ba wayar hannu, talabijin sai gidan wane da wane. Amma kafin ranar ta zo, mu yara muna rera abin a hanyar makaranta, don rediyo ta dame mu da shi, an bi tasha-tasha an zauna da shugabannin direbobi. Bayan wata tara, 1 ga Janairu 1973, aka kawo naira da kobo. Kakata da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san fam ɗaya naira biyu ne, sule kobo goma. Wa ya koya mata? Mai shela a kasuwa da rediyon maƙwabci.

Kafin wannan ma akwai majigi. Mota ce ke zuwa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha a haska. Abin da ya sa yake shiga jiki shi ne mutumin da ke riƙe da lasifika yana bayani da Hausar garin, yana zolaya, yana kiran abin da sunan da aka san shi. Haka aka yi Yaƙi da Jahilci.

Ni na shiga aiki a MAMSER, hukumar faɗakar da jama'a wadda Janar Babangida ya kafa a 1987 Farfesa Jerry Gana na shugabanta, aka mayar da mu hukumar wayar da kai ta ƙasa, NOA, a 1993. Ba zan ce muku zamaninmu babu hoton oga ba, ƙarya ne, soja ma ya fi son hotonsa. Amma akwai abu guda da wani maigidana ya koya mini wanda ban ga ana yi yanzu ba. In an kawo fosta daga hedikwata, kafin a raba, sai ya kira masinja da mai gadi da matar da ke sayar mana da abinci. Ya ɗaga takardar, ya ƙirga biyar, ya kife ta a tebur. Ya ce, "Me aka ce ku yi? Yaushe? A ina?" In biyu cikin ukun suka kasa, ba ya ɓata fetur a kanta. Wannan ba ya cin kwabo, ba ya cin kwana goma. Na Sakatariya, ɗana, ba masinja a ofishinku?

Na Sakatariya:
Akwai Baba. Allah ya ƙara girma. Sai dai masinja ba ya cikin kwamiti.

Baba Mai Ritaya:
Yaron Malumfashi ma ba ya cikin kwamiti.

Anti Mai Rediyo:
Baba ya gama magana, amma bari in ɗora ta ɓangarenmu, don ciwon ɗaya ne. Ku ƙugiya ce ke ba ku wahala, mu fassara.

Yadda ake kawo mana aiki shi ne: an rubuta sanarwa da Turanci a ofis, an amince da ita kalma-kalma, sai a ce a mayar Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, kada a canza komai, kuma kada ta wuce daƙiƙa sittin. Sai ka ji Hausar da ba uwar da ta taɓa yi wa ɗanta magana da ita. "Masu ruwa da tsaki", "ƙarfafa gwiwar al'umma wajen rungumar shirin", "domin ci gaba mai ɗorewa". Mace tana tuƙa tuwo rediyo na gefe, me za ta ɗauka a nan? Na taɓa sake rubuta wata gaba ɗaya, na mayar da ita hira tsakanin uwar miji da surukarta, uwar mijin na cewa "mu da muka haifi goma ba mu je awo ba", surukar na ba ta amsa cikin ladabi. Masu aikin ɗakin naɗa murya har tafi suka yi. Aka kai ofis aka dawo da ita, wai ba a ambaci sunan shirin sau uku ba, kuma ba a gode wa mai girma ba.

Sannan lokacin sakawa. A sayi lokaci ƙarfe goma sha ɗaya na safe don ya fi araha, manomin da ake nufi yana gona. Wanda ya san mutanenmu ya san da asuba da bayan magariba ake kama su, lokacin da ake jiran labaran BBC da DW. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, mutane sun saba da sa'o'in nan kamar lokacin cin abinci.

Auta:
Iyayena ku yi haƙuri, ni fa ina ganin duk kuna jayayya a kan abin da ya mutu. Wa ke tsayawa karanta fosta? Kuɗin bugun dubu biyun nan a ba ni, in ɗauki masu barkwanci uku na TikTok, cikin kwana biyu saƙon ya zaga.

Sista ta Kwali:
Auta, ka zo in kai ka wani ƙauye bayan Kwali inda sai an hau tudu ake samun sabis. Matan da nake nema da yawansu wayar miji ce a gidan, ita ma ƙarama mai tocila. Ba fostar ba ce ke kawo su, gaskiya, mai unguwa ne da liman da ungozoma da matan da ke bi gida-gida. Amfanin fostar a wurina shi ne in na tafi ta tsaya a bango tana tuna musu ranar. Shi ya sa in ranar ba ta fito ba, ba ta yi mini komai ba.

Kuma tunda ana maganar hoto, Mai Zane, ina kuke samo matan nan? Wata fosta da aka kawo mana bara, matar ciki da irin ɗaurin hijabin Malesiya, ɗakin da take zaune da labule har ƙasa. Wata tsohuwa ta kalla ta ce, "Wannan allurar ta masu kuɗi ce ko?"

Mai Zanen Garki:
Daga intanet, Sista, ba zan ɓoye ba. Ba a ware kuɗin mai ɗaukar hoto. Kuma a ƙa'ida ma bai kamata ba, don hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a talla tun 1 ga Oktoba 2022. Tawa dai 'yar Najeriya ce, matar ƙanena ce, da izininta da na mijinta.

Ɗan Terminus:
Auta bai yi ƙarya duka ba fa. Ku tuna ruwan gishiri lokacin Ebola, Agustan 2014. Ƙarfe huɗun asuba mahaifiyata ta buga mana ƙofa da bokiti a hannu, wai an bugo waya daga Bauchi a yi wanka da gishiri a sha kafin gari ya waye. Unguwarmu kaf aka tashi. A nan Filato sai da aka kwantar da mutane a asibiti, har aka rasa rai. Dare ɗaya saƙon ya gama ƙasa, ba fosta, ba kwamiti, ba tambari. Me ya sa? Gajere ne, ya gaya maka abin da za ka yi da lokacin da za ka yi, kuma daga bakin ƙanwar babarka ya fito. Ƙarya ta bi ƙa'idar maigidan Baba, gaskiya tana can tana jiran sa hannu.

Gaskiya Ɗaci:
Na karanta tun daga sama, kuma ina ganin kuna ba sana'arku girman da ba ta da shi. Ku gyara ƙugiya, ku cire hoton oga, ku kawo masinja goma. In abin da ake tallatawa ba ya nan, aikin banza ne.

Canjin kuɗi na 2022 rashin sanarwa ne ya kashe shi? Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya yi shela 26 ga Oktoba, Buhari ya nuna sababbin 200 da 500 da 1000 ranar 23 ga Nuwamba, aka sa wa'adin 31 ga Janairu aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ba wanda bai ji ba. Har ƙauye an ji, mutane suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki kamar yadda aka ce. Saƙo ya isa, an yi biyayya. Sai aka nemi sabon kuɗin aka rasa. Na kwana a layin na'urar cirar kuɗi a Wuse, na sayi naira da naira a wurin mai POS. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris 2023. To gobe in an ce wa mutumin nan "gwamnati na sanar da jama'a", da wane kunne zai saurara?

Ko gangamin nan na "canji ya fara daga kaina" da aka ƙaddamar a Satumbar 2016, ana tsakiyar matsin tattalin arziki. Mutanen da suka zaɓi canji aka juyo aka ce su ne za su fara. Aka kuma gano an ɗebo wani yanki na jawabin ƙaddamarwar daga jawabin Obama na 2008, fadar shugaban ƙasa da kanta ta amsa. Kafin shi an yi na marigayiya Dora Akunyili a 2009 na gyara sunan Najeriya, da tambari da take mai daɗi. Ina suke? Ba mai zane ne ya gaza ba.

Anti Mai Rediyo:
Malam, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma hanyar guduwa ce. E, ba a tallata abin da babu. Amma allurar Sista tana nan a cikin akwatin sanyi, kyauta, tana aiki. A irin wannan, in uwa ba ta zo ba don ba ta ga ranar ba, laifin wa? Kada mu fake da gazawar manya mu riƙa yin aikin kawai-a-biya-ni.

Gaskiya Ɗaci:
Anti, uwar da ta je asibitin nan da zazzaɓi aka ce ba magani sai ta saya, ita ce kike so ta yarda an biyo ta har gida da abu kyauta don ana ƙaunarta? Tambayar da suke yi ke nan, ki tambayi Sista.

Sista ta Kwali:
Suna yi, kullum. "Na zazzaɓi da kuɗi, wannan kyauta, me ke ciki?" Ba ni da amsar da ta wuce in zauna a tabarma in yi bayani, wani lokaci in ɗiga wa ɗana a gabansu. Amma Malam, ni ba zan iya jira sai gwamnati ta gyaru ba, ƙyanda ba ta jira. Abin da nake roƙo kada takardar da aka ba ni ta ƙara mini aiki.

Auta:
To me zai hana a riƙa sa ajami? Tsofaffi da almajirai da yawa ba sa karanta boko amma suna karanta ajami. Kuma a ajami ba ruwanka da rikicin ƙugiya.

Baba Mai Ritaya:
Ajami ma yana da nasa tarkon, jikana, in marubucin bai iya ba. Amma a wasu wurare yana aiki ƙwarai. Mun yi amfani da shi a ƙauyukan Zazzau, mutum ya ga rubutun da ya saba gani a allo, sai ya tsaya.

Ɗan Terminus:
A ƙauyukan Zazzau, Baba. A Jos sai an yi hattara. Ku tuna surutun da aka yi da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma naira ɗari ta 2014. Wasu ba sa ganinsa a matsayin Hausa, Larabci suke gani, addini suke gani. Fostar da za ta yi aiki a Gangare ko Anguwan Rogo, in ka liƙa ta a wata unguwar ka jawo magana. Ni in aka kawo mini aikin jiha, nakan ce a yi kala biyu, kuma a bar mutanen unguwa su liƙa da kansu.

Hausar ma ba ɗaya ba ce. A Filato da Hausa ake ciniki a Farin Gada, da ita ake wa'azi a coci da yawa, Birom da Angas da Tarok da ita suke haɗuwa. Amma in ka kawo musu Hausar Kano mai zurfi da karin magana, ka bar su a baya. An taɓa kawo mini fassara daga Abuja an rubuta "kandagarki". Na tambayi yarana uku a shago, ba wanda ya sani. Muka mayar "rigakafi".

Na Sakatariya:
A Abuja ma haka ne, muna mantawa. Ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje na Gbagyi ne da Bassa da Gade da Ganagana da sauransu. Hausa suke ji a matsayin harshen kasuwa. In an ce "harsunan gida" a takardarmu, manyan uku ake nufi, shi ke nan.

Mai Zane, shawara ta aiki: ka adana saƙon da aka turo maka gyaran, da wanda aka ce an amince. Kada ka yi faɗa da ɗan kwangila, ka nuna masa cewa da takardar ta fita, kamfaninsa ne a rubuce a fayil, ba sunanka ba. Zai sauko. Kuma daga yau kada ka hau inji sai an sa hannu da biro a kan samfurin da aka buga, ba "ok" a waya ba.

Gaskiya Ɗaci:
Ya dai samu a biya shi kafin jikokinsa. Taiwo Akinkunmi da ya zana tutar ƙasar nan fam ɗari aka ba shi, ya rasu a 2023, gawarsa ta yi shekara guda ana jiran alkawarin jana'izar gwamnati.

Shugaban Zaure:
Malam Gaskiya, a tsaya kan batu don Allah.

Mai Zanen Garki:
Jama'a na gode, ga yadda aka ƙare. Kai, yadda aka kare. Kai, ku dai kun gane.

Na bi shawarar Na Sakatariya. Da ɗan kwangilar ya fahimci sunan wa ke fayil, sai murya ta sauka, ya ce zai ɗauki kuɗin takarda, ni in ɗauki na bugu. Dubu biyun mun yanka su siri-siri da injin yanka a gabana, Sista ki kwantar da hankali.

Sannan na yi abin Baba. Na buga tsohon samfurina guda, da na ofis guda, na tafi tashar Gwagwalada da yamma. Na nuna wa mutum takwas, masu lodi biyu, mai sayar da ruwa, direba, mata huɗu masu jiran mota. Ƙirga biyar, in kife. A na ofis, biyar sun ce fostar siyasa ce, ɗaya ta tambaye ni wace jam'iyya. Ba wanda ya faɗi ranar. A nawa, shida sun faɗi ranar. Amma kada in yabi kaina: mata biyu sun ɗauka sai jarirai na goye kaɗai ake nufi, saboda hoton, alhali har 'yan shekara biyar ne. Wannan kuskurena ne, kuma da ban je ba ba zan sani ba. Na ƙara yarinya mai tafiya riƙe da zanen uwar.

Na naɗi duka a waya na tura wa ɗan kwangila, ban san ko ya kai ciki ba. Abin da ya dawo dai shi ne: hotunan ogogi suna nan, ba mai taɓa su, amma an yarda su sauka ƙasa su jeru da tambura, rana da wuri su hau sama.

Baba Mai Ritaya:
Madalla. Wadda ta tambaye ka jam'iyya, me ka ce mata?

Mai Zanen Garki:
Na ce ba ta siyasa ba ce Baba, ta allura ce. Ta ce to in ana raba atamfa a sa sunanta.

Auta:
Yaya Mai Zane, wane salon haruffa kake amfani da shi? Nawa in na rubuta ƙ ko ɗ sai ya fito da ɗan akwati, ko harafin ya bambanta da sauran.

Mai Zanen Garki:
Nemi Noto Sans ko Andika, kyauta ne, suna da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana. A waya ka ƙara Hausa a Gboard. In a CorelDraw kake, ka mayar da rubutun ya zama zane kafin ka tura wa mai inji, in ba haka ba kwamfutarsa za ta musanya maka da abin da take da shi.

Ɗan Terminus:
Kuma ka samu ɗan Malumfashi. Mai Zane, nawa kake biyan yaron nan? Ina da gurbi a Jos.